Ranar da Ƙararrawa Ta Yi Shiru

Ranar Juma'a Mai Tsarki da hantsi, mai buga ƙararrawar coci ya tarar da telar da ke yi wa cocin ɗinki ita kaɗai a ciki, tana ninke zannuwan da aka cire daga bagade. Ya san Litinin yayanta zai zo ya tafi da ita.

"Kar ki tafi," ya ce. "Ki aure ni."

Hannunta ya tsaya cak a kan zanen.

"Haba malam, yau ko ƙararrawa an hana ta magana. Sai an buga ta jibi Lahadi, ranar Ista, za ka ji amsata."

"Ai ni ke buga ta."

Ta ɗago ta dube shi, murmushi na neman ƙwace mata.

"To, kar ka makara."