Kabon Janareta

Ranar da aka kafa bindigogi masu harbi da kansu a kan gadar kogi, doka ɗaya aka yi: duk jirgin da fitilar shaidarsa ta dushe, na 'yan fashi ne.

Da hantsi Barmo ya doshi gadar da lodin albasa a jirginsa, matarsa Tabawa na tuƙi. Janareta na ruri lafiya lau, amma fitilar ta koma kamar garwashin da ya kwana.

"Malam, duba kabon," in ji ta.

"Man ne aka gauraya da ruwa. Ke dai tuƙa."

"To, injiniya. Sai ka yi wa kifi bayani."

Ya tace mai, ya ɗaure wayoyi, ruwa na jan su, ba halin tsayawa. Sai da inuwar gada ta rufe su ya kwance murfin bayan janaretan. Kabon, ɗan gawayin nan da ke ɗauko wuta, ya cinye, saura kamar ƙwayar gero.

Bindiga ba ta tambaya. Katako ya tsage, albasa ta tarwatse, jini ya fantsama kan janaretan da bai fasa ruri ba. Tabawa ta kife.

Dama ya ɗago ne don ya ce mata, "Ke ce da gaskiya."