Man da Amobi Ya Sayar

"Ban da man birki, yana cinye roba. Ban da baƙin mai, ya yi masa kauri," in ji Amobi. "Haidirolik lamba talatin da biyu, shi ne abincinsa."

Injiniya Ja'afaru yake yi wa bayani, tsohon abokin cinikinsa daga GRA, mutumin da bai taɓa yarda bakanike ya sa wa motarsa hannu ba. Yana da jek na zamani a garejin gidansa, irin wanda ake turawa ƙarƙashin mota, a danna maɓalli ta tashi gaba ɗayanta. Man jek ɗin ne ya yoye, shi kuwa so yake ya gyara kuloci ya kama hanyar Buni Yadi ya ɗauko kawunsa. Matarsa Ladi ta yi roƙo, ta yi kuka, ta tuna masa a hanyar nan ƙanenta ya ɓace har da motarsa. Injiniya ya ce rai a hannun Allah yake.

Amobi bai rufe baki ba aka ji ƙara daga wajen tasha. A Gombe ta waɗancan shekarun ba a tsayawa tambayar ko taya ce ta fashe. Kowa ya hau jan ƙofar shagonsa. Amobi ya fizgi jarka ya faɗa cikin shago, hankalinsa na kan 'yarsa Olaedo da ke makaranta ta can gefen. Duro biyu ne a jere a lungun shagon, na haidirolik da na kalanzir ɗin wanke kayan gyara. Ya cika jarkar a gurguje, ya ɗaure bakinta da shuɗiyar leda, ƙulli biyu kamar yadda ya saba, ya miƙa.

Ranar Juma'a Injiniya ya dawo daga masallaci ya tarar Ladi ta shirya masa komai kamar kullum. Ta share gareji, ta shimfiɗa kwali, ta zuba mai a tankin jek, ta jera sifanu. Har abinci ta sauke, a kan gawayi, don rishonta ya ƙafe.

Jek ya yi gurnani, ya ɗaga motar da ƙyar, ya tsaya bai kai inda ƙarfen tokare yake kamawa ba.

"Bai kai ba, ka bar shi mana," in ji Ladi.

Injiniya ba mutum ba ne mai jira. Ya ce leƙawa kawai zai yi. Motar ta sauko a kan gwiwarsa ta dama.

Amobi na jin labari ya rufe shago ya nufi gidan. Ya buɗe tankin jek ya kai hanci. Kalanzir ne zalla. Ya yi ta ƙoƙarin tuna duron da ya ɗiba a ranar, ƙwaƙwalwarsa ta ƙi ba shi komai sai ƙarar nan da sunan Olaedo.

Bai ɓoye ba. A asibiti ya tsaya a ƙafar gado ya faɗa da bakinsa cewa kalanzir ya sayar masa, yana jiran zagi ko 'yan sanda.

"Haba Amobi, ƙaddara ce," in ji Injiniya. "Ni na shiga ban tokare ba."

Da ma zaginsa aka yi, da ya fi samun sauƙi. Likitoci sun ceci ƙafar, amma gwiwar ta sandare, ba shi ba tuƙa mota har abada. Amobi ya mayar da kansa direban gidan. Shi ke kai yara makaranta, shi ke kai Injiniya gashin ƙashi, ya zauna a benci kansa a ƙasa yana jin nishin mutumin daga ciki. Ladi ba ta ƙara haɗa ido da shi ba, kuma bai ga laifinta ba. Amma ba ya barin gidan sai ta biyo shi da kwanon abinci, nama ya fi tuwo yawa.

"Oga Amobi, ka daina wahalar da kanka haka," takan ce, idonta a kan kwanon.

Kirkinta ya fi komai ci masa rai.

Magana ta zaga layin bakanikai. Masu saye suka koma shinshina jarka a gabansa kafin su tafi, wasu da dariya, wasu ba dariya. Shi kansa sai ya ɗiba ya shinshina, ya juye, ya sake ɗiba. Ya rame, wandonsa ya koma sai da ɗauri.

Tun bam na farko matarsa Ugoma take cewa su koma Kudu, yana ƙi. A unguwar Bagadaza nan Gombe aka yanke masa cibiya, Hausarsa ta fi Ibonsa, a can ma baƙo zai zama. Wannan karon shi ya ce mata ta fara haɗa kaya. Ya gaji da ganin sandar Injiniya.

Da safe ya zo sallama, motar kaya na jiransu a bakin titi. Injiniya ya dogara sanda ya rungume shi, ya ce yana yi wa garin asara. Ladi ta biyo shi har bakin get.

"Oga Amobi."

"Na'am, Hajiya?"

Ta ɗago ta dube shi, karo na farko tun ranar. Leɓenta ya motsa, ya sake motsawa. Daga baranda sandar mijinta na ƙwanƙwasa siminti, yana tahowa.

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce.

Sai da ƙugin motar ya ɓace ta shiga kicin ta tura ƙofa. Ta durƙusa ta janye buhun shinkafa, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Jarkar Amobi na nan cike fal, ƙullin shuɗiyar ledarsa ko taɓa shi ba a yi ba, tun ranar da ta juye kalanzir ɗin rishonta a tankin jek don kawai ya ƙi tashi, tafiya ta fasu.