Ziyarar Tsoho Panas

Sojojin sun ɗora buhun dankali na ƙarshe a mota, suka dawo suka kwashe kwalaben da aka adana kabeji a ciki. Akuya kaɗai suka bari, ita ma don ta tunkuyi ɗayansu ne. Yarina na tsaye a bakin ƙofa, hannunta kan cikinta da ya fara turowa. Mijinta Zahar yana bakin daga, hanyar birni a rufe, ga lokacin shuka ya zo babu ko iri.

Kaka Horpina, kakar Zahar, ta gyara ɗankwalinta. "Daina kallon motar nan, 'yar nan, ba dangin uwarki ba ne. Lahadi za mu gaida Tsoho Panas."

Ƙauyen a bakin iyaka yake, duk wanda ya zo wucewa da bindiga sai ya tsaya ya ci abinci. An yi shekarar yunwa, an yi Jamusawa, yanzu ga mutanen tsallaken rafi, waɗanda a da ake aurayya da su. Duk a kan idon Tsoho Panas aka yi, in ji tsofaffi.

Kabarinsa na can ƙarshen makabarta, a kan tudu inda ruwa ba ya kwanciya. Tun da aka kawo Yarina take jin sunansa, amma ba ta taɓa jin wanda ya ce kakansa ne ba. Ta lura bayan girbi kabarin kan yi tozo, da bazara ya lotsa. Ta lura limamin coci yakan wuce shi da turarensa bai tsaya ba. Kunya ta hana ta tambaya.

Lahadin da ke bin bikin Ista ranar matattu ce, kowane gida kan kai musu burodi da ƙwai da aka rina ja. Bana babu burodi. Kaka ta sa ƙwai guda a babban kwando, ta rufe da farin ƙyalle mai ado, ta miƙa wa Yarina.

"Kaka, kwandon bai yi wa ƙwan yawa ba?"

"Ke dai ɗauka. Kuma ki tanadi hawayenki, kada ki zubar a hanya."

A ƙofar makabarta wani soja ya ɗaga ƙyallen, ya ga ƙwai ɗaya yana gangarawa a ƙasan kwando, ya saki ƙyallen da sauri. Matan unguwa suka shige, kowace da nata kwandon. Suka gaida nasu mamatan a gurguje, sannan suka taru kan Panas, suka kewaye shi da faffaɗan siket ɗinsu har ba a hango gicciyen da ke kan kabarin.

Sai ga sojan ya biyo su.

Maƙwabciyarsu Odarka ce ta fara. "Wayyo Panas! Ka tafi ka bar mu da ƙattin banza!" Sauran suka ɗauka. Kaka ta mintsini Yarina a cinya. "Yi kuka mana, amarya, ko sai an biya ki?" Yarina ta fashe da kuka, nata kuwa na gaske ne, don tun jiya ruwan zafi kawai ta sha.

Sojan ya tsaya taku kaɗan daga bayansu. "Wane ne shi?"

"Uban ƙauyen nan," in ji Kaka, tana jan hanci. "Shi ya riƙe uwata, shi ya riƙe ni. Matsa, yaro, kana tsaye a kan ƙafarsa."

Ya ja da baya, ya cire hularsa, ya ɗan sunkuyar da kai, ya koma bakin ƙofa.

Kaka ta durƙusa, ta share ƙasa da ciyawa, ta janye wani katako, sai ga rami. Ta kama hannun Yarina ta cusa a ramin. Yarina ta runtse ido tana jiran ta taɓa ƙashi.

"Gaida shi da kyau," Kaka ta raɗa mata. "Uwata ce ta binne shi a shekarar yunwa, mu kuma duk girbi muna sake binne shi."

Yarina ta zaro hannu, ga Tsoho Panas a tafinta: dankali ne ƙato daga tarin da ke ramin, mai sanyi, har ya fara tsiro.