A Bayyane Yake

Katakon goge allon da Farfesa ya wurga ya fasa wa ɗalibarsa baki, don kawai ta nemi bayanin shafi na arba'in.

"Shekara tara ina gina wannan hujjar lissafin!" Ya daki tebur. "Ni ƙirƙira nake yi, ba kiwon jakai ba. Ba ki ga an rubuta 'a bayyane yake' ba?"

Ta tofar da guntun haƙori a tafin hannunta.

"Na gani, Malam. Ni na buga maka takardun. Shayi ne ya zube a rubutunka ya cinye layi uku, na ji tsoron tambayarka, sai na cike gurbin da abin da ka saba faɗa."

Ya ɗauki alli ya juya ga allo don ya cike layukan. Har allin ya niƙe a hannunsa bai rubuta komai ba.