Kiran Madam Gashin Kaza

"Sai yaushe, Sule? Sai mun cinye anzar ƙasar Tasawa kaf?"

"Ta ce mu jira, Baba Danda. Da kunnenka ka ji."

"Tun Maris nake ji. Kunnena ya ƙoshi, cikina bai sani ba."

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai ke nan, bayan daminar da ta bar rumbuna wayam. A ƙauyen nan na gabas da Maijirgi, 'ya'yan anza na daji ake jiƙawa kwana uku don ɗacinsu ya ragu, sannan a ba yara. Duk Alhamis kamiyo, babbar motar kaya, yana kwasar maza zuwa Agadas, daga nan sai hamada, sai Libiya.

Wadda ake jira kuwa 'yar Koriya ce, gwanar wasan badminton. A lokacin kaka ta biyo masu gyaran famfo ta yi mako guda a garin. Ta ɗaure raga tsakanin gawo biyu, ta yi ta bugun ɗan ƙwallo mai gashin tsuntsu har mata suka manta tukwane a wuta. Nan ta samu suna Madam Gashin Kaza. A ɗakin Husaina matar Sule ta sauka. Da za ta tafi ta rubuta nimeron salular Sule, ta bar musu kalanda mai hotonta, kowane wata da ƙasar da za ta je gasa.

Ranar da Sule ya ɗaure jakarsa ta tafiya Libiya, wata Laraba, salularsa ta yi ƙara, nimero a ɓoye.

"Sule, sannu-sannu! Ni Ingila. Ni ci kofi, ni aiko hatsi, kamiyo biyu. Kar tafi, Sule!"

Ita ce, har 'yar dariyar nan tata mai kama da shaƙuwa. Sule ya kwance jaka. Maza goma sha ɗaya suka kwance tasu.

A Ingila ta faɗi a wasan ƙarshe. A Indiya gwiwa ta hana ta. A Singafo alƙalin wasa ya cuce ta. Duk Laraba da hantsi sai ta kira, a buɗe murya kowa ya ji, liman ya yi mata addu'a, tsofaffin da ba su taɓa ganin Maraɗi ba su tsine wa 'yan wasan Sin.

Husaina ba ta zama sauraro. Tun da aka dawo mata da salular ƙaninta daga hamada ƙunshe a rawaninsa, shi ba a dawo da shi ba, ta daina kwaikwayon muryoyin mutane tana sa matan gari dariya a bakin rijiya. Da safe takan fita neman anza, sai la'asar.

Kuɗin mota ya koma kwanon hatsi, kwanon ya ƙare. Aka binne jaririyar maƙwabciyarsu Maryamu. Ƙauyukan kusa suka fara karɓar saƙo daga 'ya'yansu na Libiya, nan kuwa maza suna zaune gindin gawo sun zuba wa salula ido.

Shi ya sa Danda ya zo da faɗa yau. Saura masa jaki ɗaya, wanda duk gari ya san kukansa: ya ja dogo, ya tsaya, ya yi tari uku kamar tsohon mai shan taba. Ya rantse gobe zai sayar da shi ya sa ɗansa a kamiyo.

"Ni ma gobe zan tafi," in ji Sule, kansa ƙasa, "in dai yau ba ta faɗi rana ba."

Salula ta yi ƙara.

"Sule! Ni Indonesiya. Saura wasa ɗaya. Ɗaya tak. Hamada mugu, Sule. Hamada ba mayarwa. Don Allah kar tafi."

Liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai wani kuka ya taso a bayan muryar, daga can cikin salular. Ya ja dogo. Ya tsaya. Tari uku.

Kiran ya yanke.

Danda ya tafa hannu.

"Ikon Allah! Da safe fa na ara wa Husaina shi ta ɗauko anza, har ya kai Indonesiya?"