Mai Fuskar Muzzammil

"Wannan ba ɗana ba ne, fuskarsa ya ara." Haka ƙanena Ɗalha yake cewa tun da ya faɗi a babur a hanyar Kalgo. Likita ya ce ido na gani, amma hanyar da ke kai saƙonsa wurin shaida naka a ƙwaƙwalwa ta katse. Ta kunne kuwa lafiya lau.

Shi ya sa ɗan nasa Muzzammil kan fito zaure ya kira uban a waya, su yi hira kamar dā, uban na zaton daga Gwandu yake kiransa.

Ran nan Ɗalha ya ɗauka da murna: "Ɗana, baro Gwandu ka dawo gida, na gama da munafukin nan. Maganin feshin wake na dama masa a fura."

Ina zaune gefen yaron. Ƙwaryar gabansa ko ɗigo babu.