Ƙosai a Takardar Asibiti

Tunda gobe za ki fara zama a ɗakin kati, 'yata, bari in ba ki wani misali, kada ki zaci aikin bai wuce jera fayil da kiran suna ba.

A wani ƙaramin asibiti an yi wani mai ajiyar kati, mutumin kirki, irin mutanen nan da ba su iya cewa a'a. A bakin ƙofar asibitin kuma akwai wata dattijuwa mai suyar ƙosai, kullum tana kukan rashin takardar naɗewa. Ran nan da aka share ɗakin kati, sai aka tara tsofaffin takardun gwaji cike da kwali, likita ya ce a ƙone. Mai kati ya ga ai wannan asara ce, ga baiwar Allah tana nema, sai ya miƙa mata. Ita ba ta yi boko ba, a wurinta takarda takarda ce, ta yi ta sa masa albarka. Washegari da safe ƙosai ya fara fita a naɗe cikin sirrin mutane. Cikin masu saye akwai wani tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, wanda duk garin an san shi da surutu. In kana so labari ya isa kasuwa kafin azahar, ba sai ka nemi mai shela ba, shi za ka gaya wa. Ga shi kuma duk takardar da ta shigo hannunsa sai ya karanta, ko da ta maganin sauro ce. Ya cinye ƙosansa ya warware takardar. Mai ya jiƙa ta, amma rubutun na nan raɗau: sunan mai shayin bakin tasha, da unguwarsu, da shaidar cewa bara ya yi tarin fuka. Mutumin nan ya sha maganinsa wata shida ya warke sarai, ba wanda ya sani sai matarsa da likita. Amma kin san mutanenmu. In aka ji sunan ciwon nan ba mai tsayawa ya tambayi ko an warke, kofinsa kawai za a daina taɓawa, alhali da teburin shayin nan yake ciyar da mutum tara.

Malam ya daɗe zaune da takardar a hannu. Na tabbata labarin ya yi masa ƙaiƙayi a baki, don hali zanen dutse ne. Can sai ya ninke ta ya sa aljihu, ya koma gida ya kwaso jaridun da ya tara shekara da shekaru, waɗanda ko matarsa bai yarda ta hura wuta da su ba. Ya kai wa mai ƙosai ya ce su yi musanya, wai nasa sun fi shan mai. Ta karɓa da murna. Ya ɗora kwalin a ka, da girmansa da furfurarsa, ya ratsa masu jiran ganin likita har gaban mai kati ya dire. Bai ɗaga murya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗana, mutane sun tuɓe muku riga ne don ku duba su, ba don ku shanya su a titi ba." Mai kati ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ƙafarsa ya je ya gaya wa likita abin da ya yi, ya ƙone takardun a gabansa. 'Yan kaɗan da suka riga suka fita, Allah ya rufa asiri, a murhu da bola suka ƙare, amma sai da mai kati ya yi wata guda yana ramewa. Shi kuwa malam, daga ranar ya mai da teburin mai shayi wurin zamansa na safe. Da kofin da kowa ke sha yake sha, yana zuba zance kan siyasa, da tsadar taki, da auren wane da wance. Shekara goma sha ɗaya ana haka, ko kallon na-san-wani-abu bai taɓa yi wa mai shayi ba. Ranar da malam ya rasu, mai shayi na cikin waɗanda suka ɗauki makara, yana hawaye yana cewa ya rasa mai raya masa teburi, bai san cewa teburin ma gaba ɗaya tsohon ne ya tsare masa ba. Wallahi duk sanda na tuna tsohon nan sai in ji ƙaunarsa ta kama ni.

To, ke ma za ki buɗe fayil ki ga sunan maƙwabciyarki, ko na surukin yayarki, kuma a gida za a tambaye ki cikin raha me ya kai su asibiti. Ki yi murmushi ki tambayi abin da aka dafa. In mai surutun gari guda ya iya haɗiye magana har kabari, ke ma kya iya. Hausawa dai sun faɗa, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.